Littafin Bashi da Kallon Hajiya

Asabar

Yau Yaya ya yarda a kai tsohuwar kwamfutar shago gida. Tun da ya sayi laftof ta koma ƙarƙashin kanta, dilolin atamfa sun tare ta, ƙura ta lulluɓe ta. Irin ƙananan nan ce ta ofis, 'yar gwanjo, mai kwanciya kamar akwati. Na daɗe ina sa mata ido, domin kallo ya zama rigima a gidanmu na Fagge. Hajiya tana son tafsiri da karatun Alƙur'ani, yara suna son nasu, kowa kuma sai ya ari wayar wani ya cinye masa data. Na'urar da muke kunna faya-fayan CD ta mutu tuntuni, faya-fayan suna jibge a kwali.

Sharaɗi ɗaya Yaya ya gindaya mini kafin ɗan dako ya ɗauke ta: "Duk abin da za ka yi ka yi, amma kada ka taɓa mini Windows ɗin nan. Haƙƙin mutane yana ciki."

Gaskiyarsa. A Kantin Kwari ciniki mai yawa a kan amana yake tafiya. Mutum zai taso daga Maraɗi ko Damagaram, wani daga Njamena ko Garwa, ya ɗauki shadda da leshi, ya biya wani abu, ragowar sai ya sayar. Lissafin shekaru yana cikin Excel a wannan kwamfuta: wanda ya biya da sefa, wanda ya turo ta banki, wanda ya rasu magadansa suka ci gaba da biya. An kwafe shi zuwa laftof, amma Yaya ya fi natsuwa da na asalin, kuma duk wanda ya ga yadda ambaliyar damina ta 2022 ta shiga shaguna a kasuwar nan ba zai ga laifin mai ajiye lissafinsa wuri biyu ba. Da daddare, kafin in kwance ko kusa ɗaya, na sake kwafe komai a filas biyu. Ɗaya zai zauna a shago, ɗaya wurin Hajiya.

Lahadi

Shagunan kayan lantarki na France Road a Sabon Gari yawancinsu ba sa buɗewa ranar Lahadi, masu su suna coci, don haka yau ranar tunani ce.

Manhajar da nake so ita ce Kodi. Kyauta ce, kuma tsohuwa ce a fagen: a kan na'urar wasa ta Xbox aka fara ta, ta daɗe da sunan XBMC, sai a 2014 aka sauya mata suna. Aikinta ta mayar da kwamfuta akwatin kallo, da manyan rubutu da hotuna waɗanda mutum zai gani daga kan kujera, ya sarrafa da rimot.

Ƙanena ya tambaye ni me ya sa ba zan ɗora ta a kan Windows kawai in huta ba, tunda tana hawa. Na ce masa ya tuna wa zai riƙa kunnawa. Idan Kodi tana cikin Windows, to yaro ɗan shekara bakwai yana danna abu ɗaya ba daidai ba ya faɗa cikin littafin bashi. Sannan filas ɗin da ake kawowa daga wurin masu tura fina-finai ba a raba su da bairos, musamman mai ɓoye fayiloli ya bar inuwarsu. Ga shi kuma tun 14 ga Oktoba 2025 aka daina ba Windows 10 gyaran tsaro na kowa da kowa, kwamfutar nan kuwa ta tsufa da hawa Windows 11, wadda ke neman guntun tsaro na TPM 2.0 da injin zamani. Windows ɗin Yaya ya fi dacewa ya zauna a rufe, ba intanet, ba filas ɗin waje, a buɗe shi sai da dalili.

Saboda haka babbar manhaja biyu za su zauna a kwamfuta ɗaya, Windows don lissafi, Linux don kallo. Ana iya yanka faifan ajiya ɗaya gida biyu, mutane da yawa haka suke yi, amma yankan yana nufin matse ɓangaren Windows, wato taɓa abin da aka ce kada in taɓa. Zan sayi faifai na biyu. Na jira tsakar dare, lokacin da data ke araha, na sauke Ubuntu, wani nau'in Linux, na haɗa da LibreELEC ko da za a buƙata.

Litinin

Bayan azahar na bar yaron shago na hau adaidaita sahu zuwa France Road. Na sayi ƙaramin faifan SSD da wayarsa. Da na ce a ba ni wayar HDMI, mai shagon, wani Inyamuri da Hausa ta zauna a bakinsa, ya ce, "Alhaji, ka duba bayan kwamfutar kuwa? Irin waɗannan na ofis da yawa ba su da HDMI." Na nuna masa hoton da na ɗauka a waya. Ramuka biyu ne, VGA mai shuɗi da DisplayPort. Ya ce VGA hoto kawai take ɗauka, ba ta ɗaukar murya, ya ba ni ɗan mahaɗi mai juya DisplayPort zuwa HDMI. Na ji daɗin mutumin. Da ya ga dama ya sayar mini da abin da na tambaya, in dawo gobe in sake saye.

Bayan isha'i na ɗaura faifan, na ɗora Ubuntu a kansa. Komai ya tafi lami lafiya har kwamfuta ta sake tashi. A ƙa'ida GRUB, wato ɗan shirin da ke fara bayyana ya tambaye ka wacce manhaja za ka shiga, zai jero Ubuntu da Windows. Babu Windows. Kai tsaye ta wuce Ubuntu kamar ba a taɓa yin wani abu a kwamfutar ba.

Gabana ya faɗi, duk da filas biyun da na ajiye. Na kashe, na kunna ina danna F12, madannin da ke fito da jerin faya-fayai a wannan samfurin. Tsohon faifan yana nan. Na zaɓe shi, Windows ya buɗe, lissafi cif yadda aka bar shi. Na yi hamdala na kwanta.

Talata

Kasuwa ta cika yau, motocin Nijar sun shigo, ban samu zama ba sai la'asar. Ina auna yadi hankalina yana kan abin jiya.

Da na dawo na shiga Windows na buga msinfo32, shafin da ke bayyana cikin kwamfuta. A layin yanayin BIOS aka rubuta Legacy. Nan amsar take. Hanya biyu ce kwamfuta ke tashi: tsohuwar hanya, wadda ake kira Legacy, mai tafiya da tsarin faifai na MBR, da sabuwar, UEFI, mai tafiya da GPT. Wanda ya ɗora Windows tun kafin a sayar mana ya bi tsohuwar hanya. Ubuntu kuwa ta sabuwar ta shiga, domin ta nan filas ɗina ya tashi. GRUB da ya tashi ta UEFI ba zai iya miƙa ragama ga Windows da ke Legacy ba. Kamar shaguna biyu ne a gini ɗaya a Kwari, ɗaya ƙofarsa na kallon Unity Road, ɗaya na kallon cikin layi: bango ɗaya ya raba su, amma sai ka fita waje ka zagaya.

Akwai magani iri biyu. Windows 10 yana da wani shiri, MBR2GPT, da aka saka masa tun 2017, mai juya faifai zuwa sabon tsari ba tare da goge kaya ba. Yana aiki, amma idan aka ɗauke wuta ana tsakiyar juyin fa? Ban ko tsaya dogon tunani ba. Na biyun shi ne a sake ɗora Ubuntu ta tsohuwar hanya, su zama tsari ɗaya.

Ina shirin yin haka Hajiya ta leƙo ta ga baƙin allo da fararen rubutun Turanci. Ta ce, "Kai ɗan nan, wannan ne talabijin ɗin da kake ta faɗa? Ni ina zan gane wannan?"

Maganarta ta tsayar da ni. Ko da GRUB ya jero sunayen biyu daidai, wa zai zaɓa idan ina kasuwa? Hajiya tana karanta Alƙur'ani da ajami ba gargada, amma ba za ta zauna tana neman kibiya a kibod cikin daƙiƙa goma ba, kuma bai kamata a ce sai ta koya ba. Bayan GRUB ma ga Ubuntu da kalmar sirri da saƙonnin sabuntawa. Abin da gidan nan yake buƙata shi ne a danna madanni ɗaya, kallo ya fito. Wanda zai sha ɗan wahalar danna F12 shi ne mai neman lissafi, domin shi ya san kwamfuta, kuma shi ne ba ya zuwa kullum.

Wannan ya mayar da ni kan LibreELEC. Linux ce da aka rage mata komai, aka bar abin da Kodi ke buƙata kaɗai. A 2016 ta ɓalle daga wata mai suna OpenELEC. Ba ta da tebur, ba ta da wani shiri, tana tashi sai Kodi. Hatsarinta ɗaya: mai ɗora ta yana share duk faifan da aka nuna masa, ba ya raba gida da kowa. Don haka na buɗe kwamfutar na zare wayar tsohon faifan gaba ɗaya kafin in fara, yadda ko hannuna ya kuskure ba abin da zai same shi. Da aka gama na mayar da wayar, na shiga BIOS, wato saitunan tashin kwamfuta, na sa sabon faifan a gaba, tsohon a baya.

Laraba

Ta tashi cikin Kodi, da sauri kuwa. Sai ƙananan matsaloli suka biyo baya.

Gefunan hoton sun yanke, rubutun sama da na ƙasa sun shige cikin bakin talabijin. Wannan gadon tsofaffin talabijin ne, da suke ɗan faɗaɗa hoto don ɓoye gefensa, har yanzu wasu sababbi suna yi. A saitin girman hoto na talabijin ɗin na samu inda ake ce masa ya nuna yadda aka turo. Murya kuma tana fita ta ɗan lasifikar cikin kwamfuta, siririya. A saitin sauti na Kodi na zaɓi mafitar HDMI, falo ya cika da karatu.

Ta ukun ta fi ba ni aiki. Akwai wasu karatuttuka da na taɓa ajiyewa a ɓangaren D na tsohon faifan, na so in gyara musu suna daga Kodi, abin ya ƙi. Dalilin wata dabara ce da ta zo tun Windows 8 a 2012, mai suna Fast Startup. Idan ka ce ya mutu ba ya mutuwa duka, yana ajiye rabin halin da yake ciki a faifai don ya yi saurin tashi gobe. Linux idan ta tarar da faifai a haka tana ƙin yin rubutu a kansa, domin rubutu a wannan hali yana iya lalata fayiloli. Shawarar da aka saba bayarwa ita ce a kashe dabarar. Ni kuwa da na duba sai na ga ƙin nan alheri ne gare mu. Me zai sa ɓangaren kallo ya iya rubutu a faifan bashi? Na shiga Windows na kwashe karatuttukan zuwa wani faifan waje, na bar dabarar yadda take. Sannan na sa wa Kodi lambar sirri a kan saituna da ma'ajiyar fayiloli, don kada ƙananan hannaye su yi yawo inda ba a aike su ba.

Alhamis

Hajiya ce ta gano ta yau. Na shigo da yamma ta ce, "Agogon abin nan naka ƙarya yake yi. Ya ce magariba ta yi, ga rana a kan katanga."

Na duba. Agogon da ke kusurwar allo ya wuce na hannuna da awa ɗaya daidai, ba ƙari ba ragi. A gidan da ake duba agogo don salla, kuma ga azumi na tafe, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Cikin kowace kwamfuta akwai ɗan agogo da ke tafiya ko an kashe ta. Windows yana rubuta masa lokacin garin da kake. Linux kuwa tana ɗauka abin da ke ciki lokacin duniya ne, na Girinwich, sai ta ƙara masa bambancin ƙasarku. Najeriya da Nijar suna gaba da lokacin duniya da awa ɗaya. Windows ya rubuta biyar da rabi na Kano, LibreELEC ta karanta ta ƙara awa, ta nuna shida da rabi.

Ana gyara wannan daga cikin Windows, a ƙara masa wani layi a rajistarsa ya koma amfani da lokacin duniya. Alkawarin da na yi wa Yaya ya rufe wannan hanya. Sai na shiga saitin yanki a Kodi na sauya ƙasar daga Najeriya zuwa Ghana. Lokacin Akara daidai yake da na duniya duk shekara, ba abin da za a ƙara, don haka Kodi tana nuna abin da ta tarar a agogon ciki, wanda shi ne lokacin Kano. Dabarar tana tsayawa ne muddin kwamfutar ba ta hau intanet ba. Ranar da ta hau za ta ɗauko lokaci daga waje, agogo ya koma baya da awa ɗaya. Na rubuta haka a takarda na manna a cikin murfin, saboda wanda zai buɗe ta bayana.

Wannan ya yanke mini wata shawarar. Na so in sa wa kowa Kore a wayarsa, manhajar da ke mayar da waya rimot ɗin Kodi, amma tana buƙatar waya da kwamfuta su haɗu a kan wayfay ɗaya. Na fasa. Rimot na hannu mai ɗan toshe na USB ya fi, kuma shi Hajiya ta saba riƙewa.

Juma'a

An ɗauke wuta da hantsi. Da aka dawo da ita ɗan Yaya ya kunna, sai ga shi ya kira ni a waya: "Baffa, abin ya nuna wurin sa lambar sirrin Abba."

Wato Windows ta shiga. Bayan an sakko daga masallaci na biya gida. Na shiga BIOS na tarar duk saitin da na yi ranar Talata ya goge, tsohon faifai ya dawo gaba, kwanan wata ya koma shekarun baya. Batirin babban allon cikin kwamfuta ne ya mutu, ɗan faffaɗan nan mai kama da kwabo, CR2032. Shi ke riƙe saituna da agogo idan babu wuta a jikin kwamfuta. A kwanakin nan tana jone, ana samun wuta ko inji duk lokacin da nake aiki, shi ya sa bai tona kansa ba. A ƙasar da wuta ba ta yankewa mutum zai yi shekara bai san batirinsa ya mutu ba. A nan kwana kaɗan ya isa. Duk mai sayen kwamfutar gwanjo a Kano, da zai ji tawa, ya sauya batirin nan tun ranar farko, kuɗinsa bai kai na kwanon abinci ba.

Wurin wani mai gyaran agogo a bakin kasuwa na samu. Da na buɗe don sakawa na ga fankar ta toshe da ƙurar hunturu da zaren yadi na shekarun da ta yi a Kwari. Na fitar da ita tsakar gida na kakkaɓe da burushi. Ƙarar da take yi ta ragu sosai.

Akwai wani saiti a BIOS da ke tambaya me kwamfuta za ta yi idan wuta ta dawo, ta tashi da kanta ko ta jira. Na ce ta jira. Wutar da ta dawo yanzu ba a amince mata, takan zo da ƙarfi ko ta yi ta ƙiftawa. Na kuma jona ta bayan na'urar daidaita wutar da talabijin ke kai. Na cire filogi da gangan na ɗan jima na mayar, na kunna, ta tashi cikin Kodi, agogo daidai.

Asabar

Yau aikin jera kaya. Kodi tana da dabarar ɗauko hoton fim da bayaninsa daga rumbunan intanet, amma mu ba intanet, kuma tafsirin malaman Kano da bidiyon bikin gidanmu ba sa cikin waɗannan rumbuna. Na yi foldoji da sunayen Hausa: Tafsiri, Karatu, Wa'azi, Fina-finai, Na Yara, Bukukuwan Gida. Na ɓoye sauran abubuwan da ke babban shafi waɗanda ba ruwanmu da su.

Kwalin CD ɗin nan ya ci mini yini. Yawancinsu VCD ne, fim ɗin yana cikin fayil mai ƙarshen DAT, hoton ƙarami ne, 352 a 288, a babban allo yana ɗan dushewa, amma Kodi tana kunna shi ba musu. Wasu sun karce har ba sa kwafuwa. Waɗanda suka kwafu akwai fina-finan da Hajiya ta aika aka sayo mata a Ƙofar Wambai lokacin da nan ce cibiyar kasuwar fim, har da Sangaya da Wasila. Akwai kuma bidiyon auren Yaya, inda marigayi Baba yake zaune cikin abokansa 'yan kasuwa. Hajiya ta sa na maimaita wurin.

Maƙwabcinmu ya shigo ya gani, ya ce ai akwai abubuwan da ake ƙara wa Kodi a kalli ƙwallon Turai da sababbin fina-finai ba biya. Na san da su, kuma ba za su shiga wannan kwamfuta ba. Mun ga abin da satar fasaha ta yi wa Kannywood, yadda masu shirya fim suka riƙa zuba jari wasu na kwashe ribar, har kasuwar faifai ta durƙushe, da yawa suka koma dogon zango a YouTube da Arewa24. Ɗan Kwari ya fi kowa sanin zafin wannan, mu da muke kuka idan aka kwaikwayi zanen atamfa aka kawo jabu a rabin kuɗi. Ban da haka, irin waɗannan ƙarin ba wanda ya san abin da suke shigowa da shi, kuma faifan bashin mutane yana kwance a akwati ɗaya da su.

Litinin

Wani kwastoma daga Tawa ya zo da rasit na shekarun baya, lissafinsa da na laftof suka saɓa da turmi goma na atamfa. Yaya ya ce sai ya ga na asali. Na rubuta masa a bayan kati: ka kunna, ka yi ta danna F12, ka zaɓi layi na biyu. Ya tafi gida shi kaɗai, ni ina shago tare da baƙon. Ba a jima ba ya kira ya ce an gani, mutumin ne da gaskiya, an tsallake layi ɗaya wajen kwafa. Aka gyara, aka yi musabaha, ya ƙara ɗaukar kaya.

Na tambayi Yaya ko ya kashe ta yadda ya kamata. Ya ce ya kashe, kuma kafin ya fito Hajiya ta kunna da kanta tana jin tafsiri.

Ya ƙara da cewa ya ji tsohon faifan yana wani ƙas-ƙas lokacin da Excel ke buɗewa. Wannan sautin ba na alheri ba ne a faifai mai juyawa, balle wanda ya kai shekarunsa. Na gaya masa sai an kwafe shi ɗungurungum zuwa sabon SSD, da Windows ɗin da komai, a ajiye tsohon a durowa. Ya yi shiru, sannan ya ce in yi, amma ranar da yake gida, yana zaune yana gani. Mun tsayar da Lahadi, don haka sai na biya France Road kafin Asabar.